Adda Ta Ce

"To, me ta ce?"

Bara'atu ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Uzairu na tsaye a kanta da takarda biyu a hannu, waɗanda aka buga masa a shagon intanet na bakin kasuwa, gumin tafinsa har ya fara cin rubutun.

"Ta ce Allah ya sanya alheri. Ta ce Allah ya kai ka lafiya."

"Ba wannan na aike ki ba, Bara'a. Maganar tafiyarki fa?"

"Ta ce..." Ta jefar da wata tsakuwa, kaza ta bi ta a guje, ta dawo da sanyin gwiwa. "Ta ce ita ba za ta iya zaman gidan nan ita kaɗai ba. Ka tafi, ka bar mata ni."

Uzairu ya zauna a kan wani kifaffen bokiti.

"Shekara uku ce fa."

"Na iya lissafi, Malam, ko da ba ni da digirinsa."

"Ke kuma me kika ce?"

"Ni 'yar aike ce."

"Ba 'yar aike nake tambaya ba. Matata nake tambaya."

"Matarka ta jira ka shekara biyar kafin a ɗaura aure. Uku kuma ai ba za su kashe ta ba. Ka dace da wadda ta ƙware."

Da murmushi ta faɗa, kuma murmushin ne ya fi ci masa rai. Tun daga kasuwa yake shirya yadda zai ba ta labarin teku, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Jama'are ba. Ga shi ko ɗigon hawaye bai samu ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Uzairu ya gama digirinsa na lissafi, kuma babu ofishin da bai kai takardunsa ba, daga Bauchi har Abuja. Mai fotokwafin kusa da tashar mota ya gina ɗaki biyu a cikin waɗannan shekaru, Uzairu kuwa ya yi imani aƙalla taga ɗaya tasa ce. Da safe yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma ya hau acaɓa. Wata rana sai ya ɗauko uban ɗalibinsa, mutumin na bayansa yana yi masa ƙorafin sakamakon jarrabawa har su isa.

Sai a daminar 2006 Saleh, tsohon abokin karatunsa da ke koyarwa a Gambiya, ya yi masa hanya a makarantarsu. Aka yi masa tambayoyi ta wayar salula yana tsaye a kan katanga, domin nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Suka ɗauke shi. Tambaya ɗaya ta rage a takardar: shi kaɗai zai zo, ko da iyali? In da iyali ne, gida mai ɗaki biyu da tikiti biyu. In shi kaɗai ne, gado a gidan gwauraye, kuma ba a sake magana sai kwantiragin shekara uku ya ƙare. Ranar Juma'a suke son amsa. Ran nan kuwa Talata ce.

Wani zai ce, to ya tashi ya tambayi mahaifiyar tasa da bakinsa mana, ai taku goma ne tsakanin ɗakunan. Wanda zai faɗi haka bai san Adda ba.

Uzairu ɗan fari ne, Adda kuwa Bafillatanar Gadau ce ta ainihi. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Adda kamar wata yayarsa. A shekara talatin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "na Gadau." Bayan rasuwar mahaifinsa, ƙanwarsa Mairo ce ke kai saƙo tsakaninsu. Da aka kai Mairo gidan miji a Yana, sai da suka yi shekara guda suna magana ta bakin kaji. Adda ta fito tsakar gida ta ce, "Kajin nan ba su san gero ya ƙare ba," shi kuma ya ɗauki buhu ya nufi kasuwa.

Da Bara'atu ta shigo gidan, kaji suka huta.

Laraba da safe ya yi ta maza. Ya durƙusa a bakin ƙofar Adda, inda yake durƙusawa kullum, kansa a ƙasa.

"Adda, ina kwana?"

"Lafiya," in ji Adda, ta gaya wa bango.

"Dama... maganar tafiyar nan ce."

"Bara'atu. Zo, ana magana."

"Ta shiga maƙwabta, Adda. Ni dama cewa na yi ko..."

Ya ji motsin tashinta. Ya ga ƙafafunta sun nemi silifas, sun bi gefen bango a hankali, sun wuce ta gabansa sun nufi bayan gida. Ya jira har gwiwarsa ta yi tsami. Ba ta fito ba sai da ta ji tashin baburinsa. Abin kunyar shi ne, da ya hau titi sai ya ji wani sauƙi a ransa, domin shi ma bai san da wane baki zai ƙarasa maganar ba.

Alhamis bayan an tashi daga makaranta ya kama hanyar Gadau. Ya tarar da Kawu Bubayero, yayan Adda, a gindin tsamiya yana tufkar igiyar shanu, bakin igiyar a ɗaure da babban yatsan ƙafarsa. Suka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa.

"Kai ne za ka ƙasar da ba a shiga da mata?" in ji Kawu.

"Wace ƙasa ce ba a shiga da mata, Kawu?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan. Na ce to su mutanen can daga bishiya suke faɗowa?"

"Ban gane ba."

Kawu ya tofa wa igiyar yawu ya ci gaba da murzawa.

"Makon jiya matata ta kai nono Azare, Fadimatu, uwar taka, ta ba ta saƙo. Ta ce a gyara mata ɗakin tsohuwarmu, za ta dawo gida, kai da matarka ku tafi neman arzikinku. Na sa aka yi sabon jinka, ga shi can kana gani. Shekaranjiya kuma sai ga wani saƙon, wai ka ce masu aikin ba sa karɓar mace, yarinya za ta zauna. Fadimatu ta ce ranta bai so ba, amma ba ta da bakin gaya maka."

"Adda ce ta ce mu tafi tare?"

"Da wa za ta ce? Ka bar yarinya ƙarama shekara uku tana gadin tsohuwa? Boko ne ya koya muku haka?"

Uzairu ya dubi sabon jinkan, ya dubi Kawu. Ya zo ne a roƙar masa Adda ta sakar masa matarsa, ga shi ana yi masa faɗan ya ƙi ɗaukarta.

"Kawu, wa ya gaya wa Adda na ce haka?"

"Wa kuke da shi a gidan ban da mutum ɗaya?"

A hanyar dawowa mutum uku suka ɗaga masa hannu, bai tsaya ba. Da farko fushi ne ke tuƙa babur ɗin. Kafin ya shigo Azare fushin ya gaji, ya bar shi da abin da ya fi shi nauyi. Ashe Bara'atu ba ta son binsa ne. To don me za ta so? Shekara takwas tana jin "in na samu aiki," wataƙila yanzu hutu take nema daga ganin fuskarsa. In da gaskiya za a bi, shi ma da za a ba shi hutun shekara uku daga kansa da ya karɓa.

Ya same ta a bayan ɗakinsu tana shanya wanki. Ya jingina babur, ya tsaya ta ɗaya gefen igiyar, rigarsa ta makaranta na ɗiga a tsakaninsu.

"Daga Gadau nake."

Hannunta ya tsaya a kan rigar.

"Kawu na gaishe ki. Yana tambayar ƙasar da ba a shiga da mata."

Ta shiga matse bakin rigar.

"Kin gaya mata na ce ba a zuwa da mace. Kin gaya min ta ce in bar ki. Bara'a, in ba kya son bina ai sai ki faɗa. Ba yau na fara karɓar takardar 'muna ba ka haƙuri' ba, na saba."

"Haka ka ɗauka?"

"To ya zan ɗauka?"

Ta ɗage rigar gefe, ta dube shi. Idonta ya yi ja, kamar na wadda ta daɗe tana kukanta a inda ba a gani.

"Malam, yaushe rabonka da kallon fuskar Adda?"

Ya san ƙafafun Adda sarai. Ya san tabon da ke kan idon sawunta na dama, ya san silifas ɗinta shuɗi. Fuskar kuwa sai dai ta gefe, ta nesa, ta shekarun baya.

"Idonta ne," in ji Bara'atu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wata takwas ke nan. Na fara ganin tana zuba kunu a gefen kofi. Sau uku ina kai ta babban asibiti kana makaranta. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi. Na dama ake lallaɓawa da magani, ɗigo safe da yamma... shi ma tafiya yake a hankali."

"Wata takwas? A gidan nan?"

"A gabanka. Kai kana kallon ƙasa, ita tana kallon bango."

Ya dafa katanga.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ta sa na rantse. Ta ce in ka ji ba za ka tafi ba, za ka tsufa a kan babur. Ga shi yanzu na karya, sai in yi azumin kaffara." Ta share ido da bakin zaninta. "In na bi ka, wa zai ɗiga mata magani? Wa zai kawar mata da bokiti daga hanya? In na gaya maka, ka zauna. Sai na ga ƙarya biyu ta fi sauƙi, ɗaya a kowane ɗaki."

"Ni kuwa na zaci kin gaji da ni."

"Na gaji mana. Na gaji da kai, na gaji da ita, na gaji da 'ta ce' da 'ya ce.' Shekara uku ina gyara muku magana. Ranar da ka sayo mata atamfar sallah, cewa ta yi launin kamar na motar haya. Ni na ce maka ta ce Allah ya yi albarka."

"Ai na ga tana ɗaurawa."

"Kullum ma. Ba ta yarda in wanke ta da sauran kaya." Dariya ta zo mata tare da kuka. "Kai kuma wai ba na son binka... Ni da na je har kemis na tambaya ko ana amai a jirgi. Ka san abin da raina yake yi in na tuna shekara uku ba zan ji ƙarar tsohon baburin nan a ƙofar gida ba?"

Ya zagayo igiyar ya riƙe hannuwanta, masu sanyin ruwa da ƙanshin sabulu.

"Bara'ata. Ki yafe min."

"Sakar min hannu, da rana tsaka."

"Na fasa tafiyar."

"Ka fasa ka gani. In ka fasa, ni da ita wahalar banza muka sha ke nan."

"To ya kike so in yi?"

"Ban sani ba, Malam. Wallahi ban sani ba. Ni dai ba zan sake kai saƙon kowa ba."

Ya tsaya yana kallon ɗakin Adda. Taku goma. Ya je Abuja sau bakwai a motar dare bai ji nisa irin wannan ba.

Ya cire takalmi a inda ya saba durƙusawa, ya ɗaga labule ya shiga. Ko sallama bai yi ba. Adda na zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ta juyo fuskarta wajen hasken ƙofa. A karo na farko tun yana yaro ya kalle ta sosai. Ashe ta tsufa haka. Ashe hancinsa nata ne. Idon hagun a buɗe yake, amma ba kowa a ciki.

Ba ta juya wa bango ba.

"Bara'atu, ke ce?"

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Zauna mana, kin tare min haske."

Ya zauna a gabanta.

"Na ji ƙarar babur, na san an dawo daga Gadau. Tun yana ƙarami, in abu ya dame shi can yake gudu. Shi ya sa na aika wa Bubayero, na san bakinsa ba ya riƙe magana." Ta ja carbi ɗaya. "Wai ba a shiga da mata. Ke a ganinki don idona ya tafi, hankalina ma ya bi shi?"

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai auna hatsi.

"Ki gaya masa, gidan nan na Azare shi nake tuntuɓe a cikinsa. Siminti ne, ko'ina iri ɗaya. Gidanmu na Gadau kuwa a can na yi rarrafe. Daga ɗakin tsohuwa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa turken maruƙa, ƙafata ta san hanya, ba ta neman ido. Matar Bubayero ta iya ɗiga wa ɗan maraƙi magani, ba za ta kasa ɗiga min ba."

Ta sake jan carbi ɗaya.

"Ki gaya masa na ga shigarsa da fitarsa shekara goma sha ɗaya da takardu a hammata. Ban ce komai ba, don ba a cewa. Amma babu ranar da ya fita ban bi shi da addu'a ba har ƙarar ta ɓace. In ya zauna saboda ni, idon ba zai dawo ba, sai dai mu zama makafi biyu a gida ɗaya. In kuma ya tafi ya bar ki, wa zai gaya masa ya ci abinci? Shi da ko ciwo yake ba ya faɗa... ban san inda ya gado wannan hali ba."

Ta ajiye carbin.

"Matso. Kafin ku dawo na daman ma ya tafi. Matso in gan ki."

Ya matsa. Ta ɗago hannuwa biyu, busassu masu ɗumi, ta ɗora a fuskarsa. Ta bi goshinsa, ta bi girarsa, ta sauko kan hancin. Yatsunta suka gamu da hawaye, ta share da babban yatsa. Ta daɗe a haka, ta kawo idon daman kusa da fuskarsa, har yana jin numfashinta.

"Bara'atu," in ji Adda, "gemun nan naki yana son aski kafin ki hau jirgin mutane."

Dariyar da ta kuɓuce masa ba ta da maraba da kuka. Adda ta janye hannunta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wa bango.

"Tashi ki je. Ki ce wa wadda ke laɓe a bakin ƙofa ta fara haɗa kayanta."

Juma'a kafin masallaci ya je shagon intanet. Babu wuta, aka jira janareto, janareto ya tashi layi ya tafi. Sai a karo na huɗu saƙon ya wuce: da iyali.

Mako biyar bayan nan suka ɗauki shatar wata tsohuwar mota suka kai Adda Gadau, daga can za su wuce Kano. Da aka buɗe mata ƙofa, Bara'atu ta miƙa hannu za ta kama ta, Adda ta ture hannun. Ta cire silifas ta riƙe, ta taka ƙasar da tafin ƙafarta, ta bi ta gefen tsamiya, ta kauce wa turke, ta shige ɗakin mai sabon jinka ba tare da ta taɓa bango ba. Ba ta waiwayo ba.

Bara'atu ta bi ta da ledar magunguna. Uzairu ya tsaya a waje yana sauraron Kawu na yi masa nasiha a kan cin kifin da ba a san asalinsa ba. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, fuskarta a kumbure take, ta wuce ta shiga mota.

Sai da suka hau kwalta, gonakin gero suka fara gudu ta taga, sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Me ta ce?"

"Na ce maka na daina kai saƙo."

"Na ƙarshe, Bara'a. Amma na gaskiya."

Ta jingina kanta da kafaɗarsa, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya.

"Ta ce in kula mata da Uzairu."

"Haka ta ce? Da sunan?"

"Da sunan."

Ya dube ta. Ta riga ta lumshe ido, hawaye na bin gefen hancinta. Shekara uku suna ɗaki ɗaya, har yau bai iya gane lokacin da take gyara magana ba. Ya lalubi hannunta ta ƙarƙashin mayafi ya riƙe, bai sake tambaya ba.